"An Auna Ba a Ga Kome Ba," Amma Ga Ciwo Ga Mantuwa

Akwai wata magana da iyalai da yawa sukan komo da ita gida daga asibiti, wadda maimakon ta kwantar musu da hankali sai ta ƙara tayar da shi. Maganar ita ce, "An auna, ba a ga kome ba." An ɗebi jini, an gwada hawan jini, wani lokaci har an kai mutum Kano an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da kuɗi masu yawa, sakamako ya fito sarai. Amma ga mai jinya nan, ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa, ko hannu yana ta karkarwa, ko kuwa yakan yanke jiki ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Bayan wannan kuma akwai kuka na biyu wanda mutanen gida ba su cika kula da shi ba, ko da yake sau da yawa shi ya fi damun mai ciwon. Ba ya riƙe abu a kansa. Ana magana da shi zaren maganar ya kuɓuce masa, ya nemi kalmar da ya sani tun yana yaro ya rasa, ya karanta shafi guda sau uku ya rufe littafi kamar bai buɗe ba.

Mu da muke aikin koyarwa a ikilisiyoyin Dutse da garuruwan da ke kewaye, daga Kiyawa zuwa Jahun da Birnin Kudu, mukan yi saurin lura da wannan kuka na biyu, gama aikinmu na hadda ne da tambaya da amsa. Yarinyar da bara take gaba a ajin shirin baftisma, bana sai a tambaye ta abin da aka koya makon jiya ta tsaya tana kallon ƙasa. Matar da ta riƙe kuɗin Zumuntar Mata shekara da shekaru ba kuskuren ko kwabo, sai ta kawo littafin ta ce a karɓa, kanta ya daina lissafi. Irin waɗannan mutane hukunci uku jama'a sukan yanke musu: ko a ce iskoki ne ko sammu, ko a ce hauka ne ya soma, ko kuma a ce ƙarya suke yi don gudun aiki da makaranta. Akwai bayani na huɗu wanda likitocin jijiya suka daɗe da saninsa, shi ne muke so mu shimfiɗa wa masu karatu a wannan mako.

Ciwon da kansa

Likitoci suna taƙaita sunan wannan ciwo da haruffa uku na Turanci, FND. In an juya ma'anarsa zuwa Hausa sai a ce tangarɗar aikin jijiyoyi. Watau ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin mutum suna nan lafiya, ba ƙari, ba jinin da ya zuba, ba wurin da ya mutu, amma saƙon da ke kai da kawowa tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ya rikice. Kowane tela ya san irin wannan a keken ɗinkinsa. Wata rana keken sai ya yi ta tsinka zare yana cukurkuɗa ɗinki ta ƙasa, a kwance shi a duba, ba ƙarfen da ya karye ko ɗaya. Saiti ne ya goce. Wanda ya ɗauki hoton keken ba zai ga laifinsa ba, sai wanda ya zauna ya taka shi. Haka hoton asibiti yake, ginin ƙwaƙwalwa yake nunawa, ba ya nuna yadda take aiki sa'ad da mutum yake ƙoƙarin ɗaga ƙafa ko tuna suna.

Ciwon ba sabo ba ne, ba kuma na mutanen ƙauye ba ne. Turawan dā sun ɗauka ciwon mata ne da ke tasowa daga mahaifa, sai da wani likitan Faransa mai suna Charcot, wanda ya yi aiki a birnin Faris a shekarun 1870 da 1880, ya nuna cewa maza ma suna kamuwa da shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, dubban sojoji sun komo daga fagen fama suna karkarwa, waɗansu bakinsu ya rufe, waɗansu sun manta inda suka fito, alhali ba rauni a jikinsu. A zamaninmu kuma, wani bincike da aka buga a 2010 ya duba sababbin marasa lafiya 3,781 da aka tura wurin likitocin jijiya a Sikotlan ta ƙasar Birtaniya. Mutum 16 cikin kowane 100 irin wannan matsala ce ta kai su. Ciwon kai ne kaɗai ya fi ta yawa, har farfaɗiya tana bayanta. Mata sun fi maza kamuwa, wajen biyu ko uku ga kowane namiji guda, kuma yakan fi farawa tsakanin balaga da tsakiyar shekaru.

Manya a cikinmu za su tuna da abin da ya faru a Kano daga ƙarshen 1995, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna kururuwa, waɗansu suna rawa, waɗansu ƙafafunsu suka ƙi motsi. Masu binciken da suka rubuta labarin sun ƙiyasta 'yan matan sun kai wajen 600, jama'ar gari kuwa suka sa wa abin suna Sumbuka. Ya zo daf da annobar sanƙarau ta 1996, don haka tsoro ya haɗu da tsoro. Likitoci sun san irin wannan a makarantun kwana na ƙasashe da dama, suna kuma ɗaukarsa ɗan'uwan ciwon da muke magana a kai, sai dai na taro yakan yaɗu da sauri ya kuma lafa da sauri. Wanda ya kama mutum shi kaɗai a gida shi ne mai daɗewa, kuma shi ne ba wanda yake rubuta labarinsa a jarida.

Yadda likita yake ganewa

Kada a ɗauka likita yakan faɗi wannan suna ne don ya rasa abin faɗa. Akwai alamun da yake nema da hannunsa. Ɗaya daga ciki wani likitan Amurka mai suna Hoover ne ya bayyana ta tun 1908. Za a ce wa mai ƙafar da ta shanye ya danna diddigenta ƙasa, sai ya yi ta ƙoƙari ƙafar ta ƙi. Sa'an nan a ce ya ɗaga ƙafar mai lafiya, likita yana danne ta da hannu. A daidai lokacin da hankalinsa ya koma kan ƙafa mai lafiya, sai diddigen ƙafar da ta shanye ya danna ƙasa da cikakken ƙarfi, mai ita bai ma sani ba. Haka kuma mai karkarwar hannu, in an sa shi ya riƙa buga wani kiɗa da yatsun ɗaya hannun, karkarwar takan tsaya ko ta bi kiɗan.

Wanda ya ga haka da gaggawa zai ce to ai an kama maƙaryaci. Ba haka ba ne, kuma a nan ne iyaye da malamai da yawa suke zaluntar 'ya'yansu ba da niyya ba. A 2010 masu bincike a Amurka sun sa masu irin wannan karkarwa a cikin na'urar da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, suka kwatanta lokacin da karkarwar ta zo da kanta da lokacin da aka ce su kwaikwaye ta da gangan. Hotunan biyu sun bambanta. Sashen ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum ya ji cewa shi ne ya yi motsi bai yi aiki sosai ba sa'ad da karkarwar ta zo da kanta. Mai ciwon da ya ce ba shi ne yake yi ba, gaskiya ya faɗa. Abin da gwajin ƙafa ya nuna shi ne hanyar saƙo tana nan a buɗe, kuma yawan sa wa gaɓa ido da tsoro shi ne yake toshe ta. A riƙe wannan da kyau, gama da shi za a fahimci mantuwar.

Hankali ke gani

Tunawa kamar rumbu take. Akwai zuba hatsi, akwai ajiyarsa, akwai ɗebowa. A gigin tsufa rumbun ne kansa ya rube, gara ta ci gindinsa, abin da aka zuba yana zurarewa, kuma ɓarnar tana ƙaruwa shekara bayan shekara. A ciwon da muke magana a kai rumbun yana nan daram. Matsalar tana bakin rumbu, wajen zubawa da wajen ɗebowa, kuma mai tsaron bakin nan shi ne hankali. Hausawa sun riga sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Abin da hankali bai tsaya a kansa ba, ko ido ya gani ko kunne ya ji, bai shiga rumbu ba, ba kuwa za a iya ɗebo abin da ba a zuba ba.

A 2018 waɗansu likitoci a Landan suka tattara binciken da aka yi a kan tunanin masu wannan ciwo da masu waɗansu ciwuka na gajiya da ciwon jiki. Abin da suka gani shi ne kukan mantuwa yana da yawa ƙwarai, amma in an zaunar da mutanen an gwada su, ajiyar tunaninsu ba ta lalace kamar yadda suke tsoro ba. Inda rauni ya fi bayyana shi ne tsayar da hankali a kan abu guda in akwai abin da ke janye shi, da saurin sarrafa abin da aka ji, da yin abu biyu a lokaci ɗaya. Bayanin da suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Mutumin da kullum yake sauraron jikinsa, yana jiran ko ƙafar za ta sake sagewa, ko faɗuwar za ta zo masa a tsakiyar kasuwa, rabin hankalinsa ya riga ya tafi gadi. Ragowar rabin ne yake lissafin canji da shi. Taura biyu ba ta taunuwa. A ɗora ciwon jiki da rashin barci a kan wannan, sai a ga mutum mai basira ya koma kamar wanda bai taɓa shiga aji ba.

Sai kuma tsoron mantuwar kanta ya zo ya ƙara nasa. Ba mahalukin da ba ya mantuwa. Kowannenmu ya taɓa shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi, ko ya gamu da ɗan garinsu a tasha sunan ya ɓace masa sai da mota ta tashi. Mai lafiya yakan yi dariya ya wuce. Wanda ya riga ya gaskata kansa ya lalace kuwa, kowace ƙaramar mantuwa shaida ce a wurinsa. Sai ya soma gwada kansa, yana ƙirga sunayen 'ya'yan maƙwabta a zuci ya ga ko zai kawo su duka. Gwajin nan shi ne daidai da sa wa ƙafa ido, yana ƙara matsawa ƙofar tana ƙara rufewa. Shi ya sa za ka ga yarinyar da ta kasa amsa tambaya a gaban aji, da yamma tana ba ƙawarta labarin darasin tiryan-tiryan a bakin famfo. Likitoci suna neman irin wannan saɓani da gangan, gama shi ne babbar alamar cewa mantuwar ta tangarɗar aiki ce.

Akwai kuma wata mantuwa dabam ga masu faɗuwa. Kafin faɗuwar ko a cikinta, da yawa sukan ji kamar sun rabu da jikinsu, muryoyin mutane suna zuwa daga nesa, duniya ta zama kamar mafarki. Waɗansu sukan farka ba su san abin da ya wuce ba, waɗansu kuwa suna jin duk abin da ake faɗa amma ba su iya amsawa. Muna roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan na biyun. Maganar da ake yi a kan wanda ya faɗi, cewa wance ce ta yi mata, ko cewa wannan ba mai tashi ba ce, sau da yawa tana shiga kunnensa, ta zauna.

Bambancinsa da gigin tsufa

Tsoron da ke cin masu wannan mantuwa a ɓoye shi ne kada su zama kamar kakarsu da ta daina gane 'ya'yanta. Gigin tsufa ciwon masu shekaru ne, da wuya ƙwarai ya kama ɗan shekara 20 ko 35. Ko a cikin tsofaffi ma ba kowa yake kamawa ba. Binciken da aka buga a 1995, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, ya sami ciwon a wajen mutum 2 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da wajen 8 cikin 100 a can Amurka. A ɗaya ɓangaren kuma, likitoci a Edinbara sun ƙiyasta a 2020 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu zuwa asibitocin mantuwa, mantuwarsu ta tangarɗar aiki ce.

Likitocin birnin Sheffield na Ingila sun yi wani abu mai ban sha'awa, suka naɗi hirar likita da marasa lafiya suka saurara da kyau. Mai mantuwar tangarɗar aiki yakan ba da labarin mantuwarsa daki-daki, ya faɗi ranar, da wurin, da abin da ya manta, da wanda ya tuna masa. In an jero masa tambaya biyu a haɗe yakan amsa duka biyun. Mai gigin tsufa kuwa amsarsa gajera ce, yakan ce bai sani ba, ko ya juya ya dubi wanda ya rako shi. Sau da yawa ma shi bai damu ba, iyalinsa ne suka damu. Turawa har sukan lura da ko mutum ya zo asibiti shi kaɗai, amma wannan ba zai yi amfani sosai a wurinmu ba, inda ko ciwon haƙori sai an raka mutum. Abin da za mu ɗauka shi ne wanda ya iya ba da cikakken labarin yadda ya yi mantuwa jiya, rumbunsa yana riƙe hatsi.

Ɗalibanmu kuma suna da nasu tarihin a wannan fanni. A 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya bayyana wani ciwo da ya gani a ɗaliban Nijeriya, wanda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Kai yana zafi kamar an zuba barkono, ko a ji kamar wani abu yana tafiya a cikinsa, ido ya dushe in an buɗe littafi, abin da aka karanta kuma ba ya zama. Likitocin yau suna danganta shi da fargaba da damuwa da ke fitowa ta jiki. Duk wanda ya zauna da yaran da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, masu kwana karatu da goro da kofi, da sanin cewa an sayar da akuya an biya musu kuɗin jarrabawa, ya ji irin wannan kuka.

Me ke jawo shi? A dā likitoci ba su yarda su faɗi sunan ciwon sai sun gano wani baƙin ciki a bayansa. Tun 2013 aka cire wannan sharaɗi daga babban littafin da likitocin Amurka suke bi, domin a mutane da yawa ba a samun kome irin wannan. Wani zazzaɓi ne ya fara masa, wani faɗuwa daga babur, wata haihuwa mai wuya, wata suma guda ɗaya a layin makaranta cikin rana. A waɗansu kuwa akwai nauyi na gaske: duka a gida, auren da ba a so, rasuwa, ko cin zarafi tun suna ƙanana wanda ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Firgici irin wanda ambaliyar 2022 ta bari a garuruwan Jigawa, ko gobarar tankar mai ta Majiya a watan Oktoba na 2024 wadda ta ci rayuka fiye da 150, yana cikin abubuwan da kan iya tsaga bango. A tambayi mai ciwo a hankali, a keɓe, amma kada a tilasta masa ya ƙago damuwar da ba shi da ita.

Abin da muke yi da ke ƙara ciwon

A nan sai mu yi wa kanmu magana a fili, mu masu bi. Addu'a domin mara lafiya aikinmu ne, ba wanda zai hana. Amma akwai bambanci tsakanin dattawa biyu su zauna kusa da mai jinya su yi addu'a cikin natsuwa, da a kewaye yarinya 'yar shekara 15 ana ihu a kanta har asuba, kwana uku a jere, an sa ta azumin dole, ana matsa mata ta faɗi zunubin da ta ɓoye ko sunan wanda ya kama ta. Rashin barci, yunwa da tsoro su ne ainihin abubuwan da ke cinye hankali. Wanda ya shiga irin wannan taro da mantuwa kaɗan zai fito da mai yawa, sai kuma a ce aljanin ne ya yi taurin kai. In kuma bakinta ya suɓuce ta ambaci sunan wata tsohuwa ko matar kawu, an kunna wutar da za ta daɗe tana ci a dangi bayan ciwon ya warke. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu hanyoyin neman taimako, mu muna da namu, amma jikin ɗan Adam iri ɗaya ne, barci yake bukata a kowane gida.

Abu na biyu shi ne tausayin da ke kashe mutum a zaune. Da an ga mantuwa sai a cire yarinya daga makaranta, waɗansu ma su ce aure ne maganinta. Sai a karɓe wa mace sana'arta, a hana ta zuwa kasuwar Shuwarin, a hana ta girki don kada ta faɗa wuta, a bar ta a ɗaki ita da tunanin ciwonta. To, me ya rage mata ta saurara in ba jikinta ba? Kiyaye ta daga wuta da rijiya daidai ne in tana faɗuwa, amma a bar mata aikin da za ta iya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai sana'a ta riƙe ɗan littafin bashi, wannan ba abin kunya ba ne, manyan 'yan kasuwa ma suna yi. Ɗalibi ya yi karatu na ɗan lokaci ya tashi ya huta, ya karanta da murya, ya bayyana wa wani abin da ya karanta, ya kuma kwanta da wuri. A gida a daina yi masa jarrabawar "ka tuna abin da na faɗa maka?" In za a aike shi, a kira sunansa, a bari ya dubo mai magana, a faɗi saƙo ɗaya. Mu malaman aji kuma, wanda ya daskare a gaban taro a ba shi wata rana, a zauna da shi a inuwa a bar tambayar ta zo cikin hira.

Na uku shi ne magani barkatai. Mai faɗuwa irin wannan sau da yawa an riga an ɗora shi a kan maganin farfaɗiya daga kemis, irin su fenobabiton, ko ana yi masa allurar barci duk sa'ad da ya faɗi. Maganin farfaɗiya ba ya warkar da faɗuwar tangarɗar aiki, amma yana kawo kasala da nauyin kai, ya ƙara mantuwar da ake kuka da ita. Haka tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Duk da haka kada kowa ya tsayar da maganin farfaɗiya da kansa. Akwai masu ciwon biyu a haɗe, kuma tsayar da maganin farat ɗaya yana da hatsari. Likita ne zai rage shi a hankali in ya ga ya kamata.

In mutum ya faɗi, a janye wuta da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko magani, kada a danne shi, kada a turara masa hayaƙi. A rage taro, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali yana kiran sunansa. In wannan ce faɗuwar farko, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mace mai ciki ce, ko ya ji rauni, ko abin ya wuce minti 5 ga wanda likita bai riga ya tabbatar da irin ciwonsa ba, a kai shi asibiti nan da nan.

Neman magani

Ba mu rubuta wannan don kowa ya zama likitan gidansa ba. Mantuwa tana da iyaye da yawa: ƙarancin jini, ciwon sukari, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ƙanjamau, shanyewar ɓarin jiki, da abin da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suka bari. Dole a duba waɗannan. A Dutse akwai Babban Asibiti da Asibitin Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a Kazaure akwai asibitin masu taɓin hankali, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana da likitocin jijiya da na ƙwaƙwalwa. In an tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa ba an ce ya haukace ba ne. Su ne suka ƙware a kan barci da fargaba da damuwa, waɗanda in sun gyaru hankali yakan komo gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su da mutunci.

Babu ƙwayar da ke warkar da ciwon kai tsaye. Maganin farko shi ne bayani, mai ciwo ya gane abin da ke damunsa ya kuma yarda cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta ruɓe ba. Likita nagari yakan nuna masa gwajin ƙafar nan da idonsa, ya ga ƙarfin yana nan. Daga nan masu gashi sukan koya wa mai shanyewar ƙafa tafiya ta hanyar kau da hankalinsa daga ƙafar, da ƙirge, ko waƙa, ko tafiya da baya. Masu faɗuwa ana koya musu gane alamun zuwanta da dabarun riƙe hankali a inda suke. Ba za mu yi wa kowa alkawarin da ya wuce gaskiya ba. A wani babban gwaji da aka buga a Birtaniya a 2020, na mutum 368 masu irin wannan faɗuwa, jinya ta hanyar zantawa da ƙwararre ba ta rage yawan faɗuwa fiye da kulawar likita kaɗai ba bayan shekara guda, amma waɗanda suka same ta sun fi jin sauƙi a rayuwarsu da ayyukansu. Waɗansu sukan warke sarai, musamman yara da waɗanda aka gane ciwonsu da wuri, waɗansu kuwa yakan tafi ya komo.

Ƙwararrun kaɗan ne, layi kuma dogo, don haka sai a shirya kafin a tafi. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da Aro tare da danginsu, domin ya ga jinya ta fi tafiya in ɗan'uwa yana kusa. Wanda zai raka mai ciwo ya zama wanda ya ga faɗuwar da idonsa, wanda kuma mai ciwon yake sakewa da shi. A tafi da dukan magungunan da yake sha a cikin leda, har da na gargajiya, da takardun gwajin da aka riga aka yi don kada a sake biya. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki bidiyon faɗuwar ko karkarwar da yardarsa, gama minti biyu na bidiyo yakan gaya wa likita abin da bakin mutum goma ba zai iya ba. A bar mai ciwon ya yi bayani da bakinsa, kada a amsa masa tambaya. Kafin a fito kuma a roƙi likita ya rubuta sunan ciwon a takarda, ya faɗi alamar da ya gani wadda ta sa ya kira shi da wannan suna, da ranar da za a komo.